Abin da Na Gani a Shafi na Goma Sha Huɗu

Kalgo, ranar Laraba, ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Inno, ɗiyata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Ya tsare ki a hanya, Ya tsare motar da direbanta, Ya sauke ki Fatakwal lami lafiya.

Ina zaune a shago, a kan bencin da kike aikin makaranta a kansa lokacin kina firamare. An ɗauke wuta tun azahar, ba walda, ba ƙarar injin yanka. Ke kina gida kuna ɗaure kaya da mahaifiyarki. Tsakanina da ke tafiyar minti shida ce a ƙafa, amma ga ni ina rubuta miki wasiƙa kamar kina wata ƙasa. Sau uku na tashi in zo in faɗa miki da baki, sau uku na koma na zauna. Gobe ƙarfe shida da rabi na safe motarku za ta tashi. Mahaifiyarki za ta sa takardar nan cikin koren fayil ɗinki, ta ce ki buɗe kafin ku kai Jega.

Zan fara da abin da ba ya jira.

A fayil ɗin akwai lissafin tankin matsi da kamfanin ya aiko miki, wanda za ki miƙa ranar Litinin. Kin ce da shi za su duba ko su zaunar da ke a ofishin zane, ko su tura ki sito. Ki buɗe shafi na goma sha huɗu. Akwai kuskure a nan. Nozul na huɗu, bakin da ke gindin tanki inda bututun fitar da ruwa ya haɗu da jikinsa, kin yi masa lissafi da matsi na bar shida a ma'auni, daidai da na sama. Bar shida matsin da ke saman ruwa ne. Na gindi yana ɗauke da wannan, yana kuma ɗauke da nauyin duk ruwan da ke tsaye a kansa. Daga iyakar inda ruwa zai kai zuwa tsakiyar nozul ɗin mita 13.5 ne, a zanenki na auna. Ruwan kuma na gishiri ne, takardarsu ta ce kowace lita kilo 1.2. Wannan ya ba ni ƙarin bar 1.59. Jimla 7.59 ke nan, ba shida ba. Ƙarin ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu. A lissafina wuyan nozul zai ɗauka, amma facin ƙarfen da kika zagaye ramin da shi bai kai ba. Ki sake bi da kanki. Kina da Asabar da Lahadi.

Yanzu ga abin da ya fi wuyar faɗa. Ba yau na gano wannan ba. Tun ranar Litinin ta makon jiya na gan shi, kwana tara ke nan.

Kin tuna, kin kawo mini fayil ɗin nan shago, kika ce, "Baba, duba mini. Idonka ya fi nawa sanin ƙarfe." Na wanke hannu da omo don kada in ɓata miki takarda. Na karanta shafi goma sha uku ban sami ko ɗigo a inda bai dace ba. Aiki ne mai tsafta, irin wanda ban taɓa yin kamarsa ba, ba kuma zan yi ba. Da na kai sha huɗu na gani, sai na ji wani abu a ƙirjina. Na so in ce tsoro ne. Ba tsoro ba ne, daɗi ne. Na rufe fayil na miƙa miki na ce, "Ba laifi."

Kika ce, "Da gaske, Baba? Ko'ina?"

Na ce, "Ba laifi."

Kika yi murmushi kika tafi. Kishi ne, Inno. Kishinki nake yi. Zan gaya miki yadda na kai nan, daga farko, don kowane mataki kuskure ne nawa, kuma kina da abin ɗauka a cikinsa.

Shekarar da kika shiga aji ɗaya na firamare, wani mai injin shinkafa a Gwandu ya ba ni aikin tankin jiƙa shinkafa da ruwan zafi. Tsayinsa mita tara, faɗinsa mita ɗaya da rabi, a rufe, famfo yana tura ruwa har geji, agogon awon matsi da ke samansa, ya nuna bar biyu. Shi ne aiki mafi girma da na taɓa samu a lokacin. Nozul biyar na sa masa, duka daga bututu ɗaya na yanko su, kauri ɗaya, walda iri ɗaya, babu faci a ko ɗaya. A tunanina tanki ɗaya matsi ɗaya ne. Na gwada shi a nan filin bayan shago, a kwance, don ba ni da abin da zan tsayar da shi. Na cika shi da ruwa, na buga famfo har biyu da rabi, na bar shi wuni guda. Ko gumi bai yi ba. Na ce a raina har ƙarin rabi na ba shi. Muka ɗora shi a tirela muka kai Gwandu, aka tsayar da shi, mutane suka taru suna kallo. Ranar na ji ni wani ne.

Wata bakwai ya yi yana aiki. A na takwas, da hantsi, waldar nozul na gindi ta tsage. Mai kula da tankin, Sahabi, mutumin Maruda, magidanci mai 'ya'ya huɗu, yana durƙushe a gabansa zai buɗe bawul, makunnin bututun. Ruwan zafin ya same shi daga gwiwa zuwa ƙasa, ƙafa biyu. Na same shi a asibiti an rufa masa gidan sauro a kan ƙafafun. Abin da ya fara ce mini shi ne, "Mai walda, ni ke duba geji. Biyu ya nuna, wallahi biyu. Ban wuce ba." Yana tsoron a ce shi ya yi ganganci. Kin san tafiyarsa a yau. Ƙafar dama ba ta miƙewa, kuma tun daga lokacin bai sake shiga fadama ba, don fatar ba ta jure laka.

Gaskiya ya faɗa, biyu gejin ya nuna. Amma geji labarin inda aka ɗaura shi kawai yake bayarwa. Wannan ki riƙe shi. Duk lambar matsi da aka miƙo miki, ki tambaya a wane wuri a jikin tankin aka auna ta. Ki tambaya wane ruwa ne, don man gyaɗa bai kai ruwa nauyi ba, ruwan gishiri kuma ya fi shi. Ki auna tsayi daga inda ruwa zai iya kaiwa ranar da wani ya manta ya bar famfo, ba daga inda ya saba tsayawa ba. Ki tambaya a tsaye za a gwada tankin ko a kwance. Ko tankin iska ne, ranar gwaji ruwa za a ɗura masa, kuma gindinsa zai ɗauki nauyin.

Kuskurena na biyu ya fi na farko muni, don na farko jahilci ne. Da aka tambaye ni abin da ya faru, na ce sandunan walda ne jabu. Ban gwada su ba. Ban ma ajiye ko guda ba. Na dai faɗa, aka yarda, don kowa ya san akwai jabu a kasuwa. Na daina sayen kaya wurin mutumin da ya sayar mini, na kuma gaya wa sauran masu walda dalili. Har ya bar garin nan ba mu sake gaisawa da daɗi ba. Shekara goma sha uku ina ba da wannan labari har ni ma na yarda da shi.

Sai da na shiga kwalejin kimiyya, karatun Asabar da Lahadi, ina shekara ta biyu. Malamin bai kai sa'an ƙanena na ƙarshe ba. Ya zana dogon tanki a allo, ya ce, "A ina matsi ya fi yawa?" Yara suka amsa baki ɗaya kamar karatun allo. Ya rubuta lissafin, layi ɗaya tak. Ni kuwa na juya gefen littafina na sa mita tara. Ya ba ni 0.88. Na haɗa da biyu, 2.88. Na gwada tankin a biyu da rabi. Wato abin da gindin yake ɗauka kowace safiya ya fi abin da na gwada shi da shi, ga zafi, ga nauyin bututu yana rataye. Ban ji sauran darasin ba. A hanyar dawowa daga Birnin Kebbi na tsayar da babur a gefen titi na zauna a ƙasa.

Don haka idan abin da kika zana ya lalace, Allah Ya kiyaye, ki fara buɗe takardarki kafin ki buɗe baki. Mai walda, mai sayar da ƙarfe, mai kula da inji, duk suna da sauƙin ɗora wa laifi, don ba su da lissafin da za su kare kansu da shi. Ke kina da shi. Ki fara bi ta kanki.

Juma'ar da ta biyo na je Maruda. Na sami Sahabi a ƙofar gida yana tufka igiya. Na zana masa tankin a ƙasa da tsinke, na yi masa bayani, na ce laifina ne, ba sanda ba, ba shi ba. Ya daɗe yana kallon zanen.

Ya ce, "Wato ruwan da kanshi ya danne na ƙasa?"

Na ce, "Haka ne."

Ya ce, "To ai mu masu jera buhu mun sani, na ƙasa shi ka shan nauyi. Shekara nawa ka yi makaranta kafin ka gano wanga?"

Ya yi dariya har da tari. Ni ban iya ba. Na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe tun yana asibiti, tun bai san wa zai yafe wa ba. Da zan hau babur ya riƙe mini hannu, ya ce, "An ce ɗiyarka ma aikin tanki take karatu. Ka gaya mata. Shi ke nan abin da nake so."

Na ce zan gaya miki. Kina aji biyu a jami'a lokacin. Ban gaya miki ba. Kina dawowa hutu kina ce wa ƙawayenki babanki bai taɓa yin tankin da ya yi yoyo ba, ni kuma ina jin daɗin ji. Wannan shi ne na uku. Da na ba ki labarin Gwandu tun lokacin, da ba ki tsallake nauyin ruwa a shafi na goma sha huɗu ba. Mutum yana iya manta layin da ya karanta a littafi. Da wuya ya manta ƙafar Sahabi.

Sauran kin gani da idonki, sai dai ba ki san abin da kike gani ba.

Shekara talatin da uku ina walda. Shekara shida ina hawa babur kowace Asabar da asuba, ina zama da yaran da suke ce mini Baba suna dariyar yadda nake riƙe kwamfuta. Darasin lissafi sau biyu na maimaita shi. Abu ɗaya nake so, in ji an daina ce mini Mai walda, an ce Injiniya. Takardar babbar diflomata ta fito a makon da takardar ɗaukarki aiki ta zo, wata biyu da suka wuce. Tawa ranar Talata, taki ranar Alhamis. Aka yi walima. Dangin mahaifiyarki suka zo daga Wurogauri da ƙwarya-ƙwaryar nono. Ina tsaye a ƙofa ina karɓar baƙi, takardata tana aljihun babbar rigata, na ninke ta cikin leda, ko wani zai tambaya. Kawunki ya rungume ni ya ce, "Barka, Baban Injiniya." Daga nan kowa ya ɗauka. Har mai shayin bakin tasha yanzu da shi yake kirana. Ina amsawa ina murmushin dole. Ba wanda ya tambayi takardar. Tana cikin akwatin kayan aiki, ƙarƙashin bencin nan.

Akwai kuma abin da mahaifiyarki kaɗai ta sani. Tallar aikin nan da kika bugo kika kawo gida, ni ma na nema. Na je shagon kwamfuta a Birnin Kebbi, inda ba a san ni ba. Na cike komai. Da na sa shekarar haihuwata sai gurbin ya yi ja, ya ƙi wucewa. Ba sa son wanda ya haura talatin. Shekarun da na yi riƙe da abin walda kaɗai sun wuce iyakar da suka sa. Yarinyar shagon ta ce, "Baba, na ɗanka ne? Sa tashi shekarar." Na ce mata na yi mantuwa, na fita.

Da wannan zuciyar na karanta fayil ɗinki. Da na ga kuskuren, abin da ya zo mini shi ne, ga abu ɗaya da na sani ba ta sani ba. Na so in riƙe shi. Ban ce ina so su tura ki sito ba, amma ba zan rantse cewa tunanin bai gifta ba: ki je, su nuna miki kuskuren, ki bugo waya neman taimako, in warware miki, ki ce, Baba, ashe ka fi su. Kwana tara ina sake lissafin da alli a bayan ƙofar shago ina gogewa, ko zan ga ni na yi kuskure in huta. Kullum 7.59 yake fitowa.

Jiya Sahabi ya zo yi miki sallama, a bayan babur ɗin haya, da tiya biyu ta shinkafar gonar ɗansa. Kin gan shi yana jan ƙafa daga zaure. Ya ce miki, "Injiniya, ki kula da gindin tanki." Kika yi dariya kika ce, "To, Baba Sahabi," kin ɗauka wasan tsofaffi ne. Da na rako shi ya ce, "Ka dai gaya mata ko?" Na ce na gaya miki. Ya ce, "Madalla. Yanzu hankalina ya kwanta."

Mahaifiyarki tana bayan labule. Sai da safen nan ta tare ni da maganar, tana miƙo mini kunu. Ta ce, "Malam, ni ban san lissafi ba. Amma kwana tara kana dawowa da alli a hannun riga, ba ka iya kallon yarinyar nan. Jiya kuma ka yi wa gurgu ƙarya a ƙofar gidanka."

Na ce, "Za su gyara mata a can. Aikinsu ke nan."

Ta ce, "In ba su gani ba fa? Wa zai durƙusa a gaban wannan?"

Kunun ban sha ba.

Ga nasihar da ke cikin wannan, in har mai irin laifina yana da bakin yin nasiha. Kada ki karɓi "ba laifi" daga kowa a matsayin dubawa, ko daga wanda ya haife ki. Wanda ya duba da gaske zai nuna miki lambar da ya bi, ya sa hannu. A can za ki sami manya irina, waɗanda suka daɗe a bakin aiki suka ga yarinya daga Kalgo ta zo ta zauna a kujerar da suka yi shekaru suna hange. Kada ki raina su, sun san ƙarfe. Ki sauka wurinsu, ki gaishe su, ki tambaye su inda zanenki zai ba su wahala. Amma shirunsu ba shaida ba ne. Wata rana kuma ke ce za ki zama babba, a kawo miki takardar wanda ya fi ki. Idan kika ji daɗin nan da na ji, ki san ko mene ne, ki faɗi kuskuren nan take kafin ya kwana. Nawa ya kwana tara, kowace safiya ya fi jiya wuyar faɗa.

Ko yanzu raina yana so, idan sun yaba, ki ce musu wani mai walda a Kalgo ne ya gano. Kada ki biye masa. In sun tambaya ki faɗi gaskiya, in ba su tambaya ba aikinki ne.

Ki riƙe salla a kan lokaci. Ki ci abinci kafin ki zauna lissafi, na san halinki. Ki riƙa kiran mahaifiyarki ko ba ki kira ni ba.

Malaminmu ya koya mana a rufe kowane rahoto da abin da ba a tabbatar ba. Ga nawa.

Ban sani ba ko lissafin facin da na yi daidai ne. Da hannu na yi, da tsohon littafi. Ki yarda da 1.59, sauran ki bincika.

Ban sani ba ko a tsaye za su gwada tankin ko a kwance. Takardarsu ba ta faɗa ba. Ki tambaya ranar Litinin, tambayar ba abin kunya ba ce.

Ban duba shafi na sha biyar zuwa ƙarshe da zuciya ɗaya ba. Ki ɗauka ba a duba su ba.

Ban san inda mai sayar da sandunan yake ba yanzu, ko yana raye. Zan tambaya.

Ban san abin da Sahabi zai ce ba. Jibi Juma'a zan je Maruda in gaya masa ƙarya na yi masa.

Ban sani ba ko kishin ya fita. Ina jin yana nan, ya dai rasa wurin ɓuya.

Ban sani ba ko za ki sake kawo mini takarda ki ce, Baba, duba mini. In ba ki kawo ba, ba ki yi laifi ba. In kin kawo, zan wanke hannu in karanta har shafin ƙarshe.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya tsare gabanki da bayanki. Ya sa duk tankin da zai fito daga hannunki ya tsufa bai taɓa kowa ba. Ya ba ki abin da ban samu ba, Ya kuma ba ni zuciyar yin murna da shi. Ki yafe mini.

Wassalamu alaikum.

Ni ne mahaifinki,
Baban Injiniya.